Akwatin Radiyo: Wa Ke Magana, Wa Ke Saurare?

A shekarar 1947 wasu masana biyu ƴan Jamus, Adorno da Horkheimer, suka wallafa littafin da har yanzu ake muhawara a kansa. Sun ga yadda Hitler ya mallaki zukatan Jamusawa ta radiyo, sun kuma ga yadda kamfanonin Amurka ke sarrafa waƙa da sinima kamar sabulu. Sai suka kwatanta tarho da radiyo: mai tarho yana ji yana mayar da jawabi, mai radiyo kuwa saurare kaɗai ne rabonsa. Wanda ya saba saurare ba ya amsawa, a ganinsu, sannu a hankali sai ya saba da biyayya.

Nijar ta taɓa neman maganin wannan ciwo. A 1962, zamanin Diori Hamani, aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na radiyo. Manoma kan taru su saurari shiri kan noma ko kiwon lafiya, su tattauna, a ɗauki muryoyinsu a kaset a aika Yamai, a watsa. Talaka ya ji muryarsa a akwati. To amma a Yamai ake zaɓen batun, ƙarƙashin jam'iyya guda. An ba shi damar amsa, ba a ba shi damar tambaya ba.

Jaridar Haske ta fito a 1990, babban taron ƙasa ya biyo a 1991, aka shiga 1994 gidajen radiyo masu zaman kansu suka fara aiki. Muryoyi suka yawaita, alhamdu lillahi. Sai dai gidan radiyo na cin lantarki da albashi, kuma mai biyan talla ko sanarwa shi ke da kunnen mai gida. Ɗan kasuwar Maraɗi ya san haka, tunda shi ke biya.

Yau ga salula a aljihun kowa, saƙon murya na tashi daga Damagaram ya iso Tawa kafin a gama shan shayi. Kowa na magana, amma kamfanin da ke jera mana abin da za mu gani yana ƙetare, ribarsa kuwa ita ce mu daɗe muna kallo. Jita-jita kan farashin hatsi ko sunan mutum ta fi labarin gaskiya gudu.

Don haka, mai karatu, kafin ka tura saƙo gaba, tambayi kanka abu uku: wa ya faɗa, wa ya biya, wa aka hana magana?