Tabaran Henry Bemis da Tambayar Goggo

Wani dare cikin watan Afrilu, irin zafin Jimeta da ke koro mutum daga ɗaki, aka ɗauke wuta muka baje tabarma a tsakar gida. Ina kallon wani tsohon fim mai baƙi da fari a waya, sai Goggo ta matso ta ce in riƙa fassara mata. Minti 25 ne kacal. Da ya ƙare ta yi shiru, can ta ce, "Kai ɗan nan, sa mana na biyun." Na ce babu na biyu. Ta ce, "To shi wannan bawan Allah, laifin me ya yi?"

Abin da muka kalla kashi ne daga The Twilight Zone, shirin da Rod Serling ya ƙirƙira, wanda tashar CBS ta Amurka ta nuna daga 1959 zuwa 1964. Kashi 156 ne, Serling ya rubuta 92 da hannunsa. Kowane mako labari daban, mutane daban, kamar dai yadda Tales by Moonlight na NTA yake zuwa mana da sabuwar tatsuniya kowace Lahadi muna yara. Wannan kashi sunansa Time Enough at Last, an fara nuna shi ranar 20 ga Nuwamba 1959, an kuma samo shi daga gajeren labarin Lynn Venable.

Henry Bemis, wanda Burgess Meredith ya fito a matsayinsa, kashiya ne a banki, ba ya gani sai da tabarau mai kaurin gindin kwalba. Ba ya cutar kowa. Karatu kawai yake so. Manaja na yi masa faɗa, matarsa kuwa har littafin waƙoƙinsa ta bi shafi-shafi ta zizzirga wa alƙalami. Saboda haka in lokacin cin abinci ya yi, sai ya shige ɗakin ajiyar kuɗi ya rufe kansa da littafi. Yana ciki bam ɗin nukiliya ya tashi. Ya fito ba kowa, gari ya zama kufai. Har ya ɗora bindiga a kansa sai ya hango kangon laburare. Ya tara littattafai tuli-tuli a kan matakala, wannan na wannan wata, wancan na baɗi. Ya sunkuya zai ɗauki na farko, tabarau ya zame ya tarwatse. Nan aka yanke.

Goggo ba rashin fahimta ta yi ba. Ta fahimta sarai, shi ya sa ta ƙi yarda. Kunnen da ya tashi da tatsuniya ya saba da alkawari tsakanin mai bayarwa da mai saurare: za a wahalar da na kirki, amma ba za a tashi ba sai an biya shi. Ta-Kitse ta narke don kishiyoyi sun tura ta bakin murhu, tsohuwa kuma ta zo ta tattara kitsen ta dawo da ita. Yarinyar da aka aika Ruwan Bagaja ta sha wuya a hanya, ta komo da dukiya. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937 kuma daga baya NTA ta mai da shi wasan talabijin, makircin Waziri a kansa ya ƙare, aku ya gaji kujerarsa. Alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi, haka aka rene mu. (Gizo dai yakan ci bulus ya kwana lafiya, amma wa ya taɓa jin tausayin kura?)

Masu sharhi da dama sun yi ƙoƙarin nemo wa Bemis laifi don hankalinsu ya kwanta. Wai ya fifita takarda a kan mutane, wai bai yi makokin matarsa yadda ya kamata ba. Ni wannan bai gamsar da ni ba. Shi ne irin maganar da ake yi a wurin zaman makoki idan an rasa abin faɗa, a ce ai da bai bi ta wannan hanya ba. Serling ya iya hukunta mai laifi idan ya ga dama. A kashin Deaths-Head Revisited na 1961, tsohon hafsan Nazi ya koma sansanin Dachau yawon tuna baya, fatalwar waɗanda ya azabtar ta yi masa shari'a har ya haukace. Wanda ya rubuta wannan ya san bambancin sakayya da tsautsayi. Da gangan ya bar Bemis ba laifi.

Dalilin yana cikin rayuwarsa. Sojan laima ne a yaƙin duniya na biyu, ya yi yaƙi a Filifin, inda a gabansa akwatin abinci da jirgi ya jefo wa sojoji ya faɗo ya kashe abokinsa. Bayan yaƙi, a 1955, aka kashe Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14, a jihar Misisipi, kotu ta sallami waɗanda suka kashe shi. Serling ya rubuta wasa a kan lamarin, kamfanonin da ke ɗaukar nauyin shiri suka yi ta yankewa har ba a gane shi. Sai ya koma labaran dodanni da 'yan sama jannati, inda mai talla ba ya sa ido sosai.

Akwai kashin da ya fi na Bemis taɓa ni, The Monsters Are Due on Maple Street, na 1960. Wuta ta ɗauke a wata unguwa, motoci suka ƙi tashi. Wani maƙwabci, Pete Van Horn, ya ce bari ya leƙa layin baya ya ga ko su suna da wuta. Kafin ya dawo, unguwa ta hargitse da zargin juna. Suka hango mutum tafe cikin duhu, ɗayansu ya harbe shi. Pete ne. Shi kaɗai ya tashi yin abin amfani, shi aka fara kashewa.

Wanda ya zauna a Yola da Jimeta a ƙarshen 2014 ba ya bukatar fassara a nan. Da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a watan Oktoba, jama'a suka kwararo, gidaje da yawa suka buɗe ƙofa har zaure ya zama ɗakin kwana. Amma bayan bama-baman da suka tashi a Jimeta a Yuni da Nuwamba na 2015, na tuna yadda muka koma kallon duk baƙon fuska mai jaka a kafaɗa. Waɗanda suka rasu a kasuwa kuwa, sayen kayan miya ya kai wasunsu. Ba wanda zai iya cewa ga abin da suka yi.

Don haka ba wai ba mu san wahalar marar laifi ba ne. Muna da sunanta ma, jarrabawa, muna da ƙissar Annabi Ayuba. Inda muka rabu da Serling shi ne wurin da ake kashe kyamara. A wurin Goggo labarin mutum ba ya ƙarewa a matakalar laburare, ko a kabari ma, akwai zaman da za a yi a gaba inda za a biya kowa. Serling ya tsaya daidai inda idon ɗan Adam yake tsayawa, ya bar mai kallo da nauyin. Ina ganin 'yan fim ɗinmu, da ba sa iya rufe labari sai mugu ya kuturce ko ya yi hatsarin mota ya nemi gafara a gadon asibiti, za su ƙaru da ɗan wannan ƙarfin hali.

Na gwada yi wa Goggo wannan bayani a daren, ban yi nisa ba ta katse ni. Ta ce duk garin nan da ya rushe, ai ba za a rasa shagon mai tabarau ba, ya tashi ya lalluba mana. Ta ja mayafinta ta juya, ta ce in an kawo wuta in tashe ta ta sa ruwa a firij.