Rawar Bale da Jinyar Wanda Aka Ci Amanarsa

Daga cikin raunukan da ɗan Adam ke samu a zaman duniya, babu mai wuyar jinya kamar na cin amana, domin yakan fito ne daga hannun wanda aka saki jiki da shi, miji ko mata, amini ko ɗan'uwa; kuma a ƙasar Kurfai, kamar sauran ƙasar Hausa, kunya da kawaici sukan ɗaure harshen wanda aka cuta, har ya zamana duk abin da ake ce masa bai wuce "sai haƙuri" ba. Haƙuri kuwa alheri ne, amma wanda bai sami hanyar amayar da abin da ke cin ransa ba, sau da yawa haƙurin nasa yakan rikiɗe ya zama ƙullaci.

Wannan mas'ala ta daɗe tana jan hankalin masu bale, wato rawar da ake tsarawa bisa dandamali domin ba da labari da kiɗa da motsin jiki, ba tare da an furta kalma ba. A shekarar 1841 aka fara nuna Giselle a birnin Paris, ƙissar wata budurwa 'yar ƙauye wadda wani basarake ya yi shigar talaka ya yaudare ta, alhali an riga an yi masa baiko da wata; da asiri ya tonu sai ta zauce ta mutu, amma duk da haka ruhinta ya tsaya ya kare shi daga fatalwowin da suka yi nufin halaka shi. Masu hikimar zamaninmu sun sake duban ƙissar. Akram Khan a Ingila, cikin 2016, ya mai da ita labarin baƙin haure ma'aikatan masaƙa, ita kuwa Dada Masilo ta Afirka ta Kudu, cikin 2017, ta fito da Giselle wadda ta ƙi yafewa, ta ɗauki fansa da hannunta. Ke nan mahawarar da ƙafafu ke yi ita ce wadda malamai suka daɗe suna yi a zaure: shin zuciya da afuwa take warkewa, ko da ramuwa?

Mutanen Filinge, a ƙasar Kurfai, ba baƙi ba ne ga maganar da jiki ke yi idan an rufe baki. Wajen shekarar 1925, a garin Cikal, lokacin da haraji da aikin tilas suka gallabi talakawa, suna kuma ganin sarautar da Faransawa suka ɗaure wa gindi ta juya musu baya, wata mata mai suna Shibo ta jagoranci Babule, masu hawan iska suna kwaikwayon sojan Nasara da manyansu, har hukuma ta tsorata ta kama su. Hukuncin da malamai suka yi wa bori sananne ne, kuma ba kira zuwa gare shi ake yi ba. Abin lura shi ne takaicin da ya gagari harshe ya sami mafita a fagen rawa. Bayan haka Seyni Kunce, haifaffen Fandu a wannan yanki, wanda ya karɓi mulki a 1974, ya raya samariya, aka kuma buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram cikin 1976, inda kowace jiha ta riƙa zuwa da balenta da waƙarta da wasan kwaikwayonta.

Saboda haka kayan aiki suna nan, ga goge, ga kalangu, ga samari da 'yan mata masu basira. Ya kamata matasan Filinge da Tillaberi su tsara bale a kan matar da aka saki ba da haƙƙi ba, da abokin da aka cinye wa dukiya, cikin sutura ta mutunci da ladabin da addini ya yarda da shi, su nuna firgici da fushi da kaɗaici daki-daki kafin su kai ga afuwa, domin afuwar da aka tilasta tun ciwo yana ɗanye ba ta ɗorewa. Iyaye da malamai kuma su ba su fili da shawara, Allah ya sa mu zama masu riƙon amana.