Babur ɗin Doguwar Tafiya: Ina Man Yake Zuwa?

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu manyan baburan doguwar tafiya suka shiga lissafin da ba su saba ba. Ɗauki Honda Gold Wing, wanda ya fara shiga kasuwa a 1975. Samfurin 2018 injinsa silinda shida ne, amma tankinsa lita 21 kacal yake ci.

Mai karatu, babban ɓarawon mai a kan hanya iska ce. Idan mahayi ya ninka gudunsa sau biyu, turjiyar iska sau huɗu take ninkuwa, kayan da aka jibga a baya kuma su ƙara mata wurin kamawa. Mai tafiyar kilomita 100 a awa cikin natsuwa ya fi mai zuba 140 nisa da tanki guda, ko da yake na biyun yara ke yi wa tafi.

Saura aikin safe ne. A auna iskar taya kafin ta ɗau zafi, da hunturu kuma a riƙa duba matatar iska, domin ƙura kan toshe ta injin ya shaƙe. Mai babur ɗin cen ya riƙa shafa masa mai. Gold Wing dai ba shi da cen, sandar ƙarfe ke juya ƙafarsa ta baya.