Kwana Uku a Birnin Alƙahira da Guntun Guzuri

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, to amma ba su faɗi ko nawa ne kuɗin mabuɗin ba. Wannan tambaya ce ta dame ni a watan Fabrairun 2025, lokacin da aka kammala wani taron masana harsuna da na halarta a birnin Alƙahira, na duba tikitina na ga saura kwana uku jirgina ya tashi, na kuma duba aljihuna na tarar abin da ya rage bai kai dala ɗari ba. Masu taro sun sallame mu daga masaukin da suka kama mana, kuɗin guzurin da aka yi alkawari daga gida kuwa, kamar yadda kowane malamin jami'a ya sani, sai an dawo ake fara bin sawunsa daga ofis zuwa ofis. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, albashinmu ya zama abin da ba ya iya tsallake iyaka da mutuncinsa.

Abokan tafiyata biyu suka zaɓi su kulle kansu a ɗaki su jira ranar tashi, wai yawon buɗe ido na masu hannu da shuni ne. Ni kuwa na ƙi, domin na ga asara ce mutum ya zo garin da aka kafa tun shekarar 969, ya koma bai san komai a cikinsa ba sai hanyar filin jirgi. Na koma wani ƙaramin masauki a tsakiyar gari, na raba kuɗina kashi uku, na ɗaure takalmina. Abin da na gani shi nake so in ba mai karatu labari, musamman ganin yadda mutanenmu ke tururuwa zuwa Masar neman magani ko karatu ko sarin kaya, amma da wuya ka ji wanda ya dawo da labarin garin kansa.

Darasi na farko shi ne, mafi yawan abin da ya cancanci gani a tsohon birnin ba ya bukatar komai sai ƙafa. Na fara daga ƙofar Babul Futuh, wadda aka gina a 1087, na biyo titin Al-Mu'izz har zuwa ƙofar Bab Zuwaila ta 1092. Tsakanin ƙofofin nan biyu tafiyar kusan kilomita ɗaya ce, amma ta cinye mini wuni guda, saboda kowane taku akwai masallaci ko makaranta ko wurin shayar da ruwa da wani sarki ya bari domin sadaka mai gudana. A nan ne ginin Sarki Ƙalawun yake, wanda aka kammala a 1285, ya haɗa makaranta da hubbare da asibiti. Shiga cikinsa sai da tikiti, kuma kuɗin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa, amma tikitin guda yana shigar da mutum gine-gine da dama a titin. Shi kaɗai na saya a ranar. Ya kamata mai niyyar zuwa ya san cewa a yawancin wuraren tarihi na gwamnati yanzu da katin banki ake biya, ba a karɓar tsabar kuɗi.

Da azahar na shiga Masallacin Azhar, wanda aka fara ginawa a 970 aka buɗe a 972. Ba a biyan ko kwabo. Na yi salla, na zauna a farfajiyarsa ta farin dutse ina kallon ɗalibai daga ƙasashe daban-daban suna bitar karatu. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne tuna cewa kakanninmu ba baƙi ba ne a wannan wuri. A cikin sassan da aka keɓe wa ɗaliban ƙasashe a Azhar akwai wanda aka san shi da sunan mutanen Barno. Kafin wannan ma, masanin tarihin Masar Al-Maƙrizi ya ambaci makarantar Ibn Rashiƙ, wadda mutanen Kanem suka ba da kuɗin gina ta a tsakiyar ƙarni na 13 domin masu karatun fiƙihun Malikiyya da matafiyansu. A 1324 Mansa Musa na Mali ya ratsa garin a hanyarsa ta zuwa Hajji da zinariyar da aka daɗe ana labarinta. Shehin malami Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505 kuma kabarinsa ke garin, ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. Har yau akwai wata unguwa mai cunkoso a ɓangaren Giza da ake kira Bulaƙ Dakrur, wadda masana ke danganta sunanta da Tukururu, wato sunan da Larabawa ke kiran mutanen Afirka ta Yamma da shi. Waɗannan mutane a kan raƙumi ko a ƙasa suka zo, cikin watanni, mu kuwa da muke zuwa cikin sa'o'i kaɗan a jirgin sama sai mu ce ba mu da halin zagayawa.

Sai batun ciki, wanda aka ce ba a ba shi haƙuri. A nan na yi kuskurena na farko kuma na ƙarshe. Da yamma, gajiya ta sa na zauna a wani gidan abinci mai ƙyale-ƙyale kusa da kasuwar Khan Al-Khalili, kasuwar da ta samo asali tun ƙarshen ƙarni na 14. Na duba farashi na ga zan iya, na ci ɗan gasasshen nama da shayi. Da takardar biya ta zo sai na ga an ɗora kuɗin hidima kashi 12 cikin ɗari, an ƙara harajin kashi 14, ga kuɗin burodi da ganyen da ban nema ba amma aka ajiye a gabana na ci. Zama ɗaya ya cinye abin da na ware wa abincin kwana biyu. Ban ga laifin kowa ba sai nawa, domin wanda ya zauna inda aka shirya wa baƙi, to farashin baƙi zai biya.

Washegari na canza dabara, na bi ƙa'idar da na koya tun ina ɗalibi: ka ci inda ka ga leburori da ma'aikata sun yi layi. Da sassafe na tsaya a gaban wani mai kura da ƙatuwar tukunya mai siririn wuya, na karya da ful, wato wani babban wake da ake dafawa dare guda a kan wuta kaɗan, a zuba masa mai da lemon tsami da gishiri. Kusa da shi ana suyar ɗa'amiyya, wadda ba ta da maraba da ƙosanmu sai dai cikinta kore ne saboda ganyen da ake niƙawa tare da waken. Da rana kuwa sai kushari, abincin da talaka da mai kuɗi suka yi tarayya a kansa: shinkafa da taliya da makaroni da adas a kwano guda, a zuba miyar tumatir, a barbaɗa soyayyar albasa, mai so ya ƙara ruwan tafarnuwa da yaji. Duk Bakanon da ya saba da garau-garau zai gane hikimar abin nan take. Na sha ruwan rake da aka matse a gabana, na kuma sha karkade, wanda da na kurɓa sai na yi dariya, ashe zoɓo ne. Abincin wuni guda a haka bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na biya a daren jiya ba.

Burodinsu ya isa a tsaya a kansa. Sauran Larabawa da yawa khubz suke cewa, amma Bamisire aish yake kiransa, kalmar da asalin ma'anarta rayuwa ce. Ba banza ba. A watan Janairun 1977, da gwamnatin Anwar Sadat ta yi yunƙurin janye tallafin kayan abinci, tarzoma ta ɓarke har sai da aka janye matakin cikin kwana biyu. Burodin tallafi ya zauna a kan ƙirshi 5 fiye da shekara 30, sai a watan Yunin 2024 aka mai da shi ƙirshi 20. Ke nan arhar da baƙo ke gani a titi tana da tarihi da siyasa a bayanta, kuma yana da kyau mai cin arhar ya tuna cewa ga ɗan ƙasar da kuɗinsa ya faɗi warwas a watan Maris na 2024, abin ba arha ba ne.

A matsayina na ɗalibin harshe, kasuwa ta fi mini ɗakin taro amfani. Na shiga da Larabcin littafi da na koya a zaure da makaranta, na tambayi wani dattijo mai sayar da lemo farashi da cikakken i'irabi. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Ya Shaikh, huɗubar Juma'a za ka yi mana?" Muka yi dariya, ya koya mini in ce bikam kawai, ya kuma ƙara mini lemo biyu. Harafin jimun a bakinsu ga yake komawa, shi ya sa kuɗinsu suke kiransa gineh. Kalmar kuwa daga sunan wani tsohon kuɗin zinariya na Ingila ta fito, wanda shi ma aka sa masa sunan gaɓar Gini ta Afirka ta Yamma inda ake samo zinariyar. Haka mu ma muka karɓi fam da sule da kwabo daga bakin Turawa. A wajen mai kayan miya na ji basal, a wajen mai hatsi na ji kalmar da ta haifi alkama, na tuna yadda Hausa ta haɗiye kalmomin Larabci tare da al ɗinsu, ta ba mu albasa da alƙalami da Alhamis. Abin da nake koyarwa a allo shekara da shekaru, ga shi ina jin sa da kunnena a bakin masu talla.

A rana ta biyu na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987, shi ne na farko a nahiyar Afirka, yana kuma da taragun da aka keɓe wa mata. Da kuɗin da bai kai na kofin shayi a otal ba na sauka a tashar Mar Girgis, inda tsofaffin majami'un Kibɗawa suke, ga kuma wurin ibadar Yahudawa na Ben Ezra a bayansu. Tafiya kaɗan daga nan sai Masallacin Amru bin Asi, wanda aka kafa wajen 642, masallaci na farko a ƙasar Masar. Da la'asar na isa Masallacin Ibn Ɗulun da aka kammala a 879. A duk tafiyar babu inda ya kama ni kamarsa. Fili ne makeke, shiru kamar ba a tsakiyar gari mai mutum fiye da miliyan 20 yake ba, ga hasumiyarsa mai matakala ta waje da ke naɗe da ita. Abin da na kashe a wurin ɗan ihsani ne ga mai tsaron takalma.

Dalar Giza kuwa, wadda ta haura shekara 4,500, daga nesa na tsaya na kalle ta a rana ta uku. Na ce wa kaina, Hausa ta yi gaskiya da ta ba abubuwan nan biyu suna guda, domin dala ba ta shiguwa sai da dala. Ban yi baƙin ciki ba. Mai guntun guzuri dole ya zaɓa, ni kuwa na zaɓi birnin da mutane ke rayuwa a cikinsa. Na isa filin jirgi da ragowar canjin da ya ishe ni sayen dabino na tsaraba.

To amma a cikin jirgi wani tunani ya hana ni barci. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Alƙahira cikin wuraren tarihi na duniya. Garin yana da nasa matsalolin, akwai ƙura da cunkoso da gine-ginen da ke neman faɗuwa, amma ƙofofinsa na ƙarni na 11 suna tsaye, kuma dubban iyalai na cin abinci albarkacinsu. Mu fa? Tarihin Kano ya nuna an fara ginin ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, wato sa'ar Bab Zuwaila ce. Kasuwar Kurmi tun zamanin Muhammadu Rumfa take, a ƙarni na 15. Yau duk wanda ya bi gefen badala ya san abin da ya rage: an kwashe ƙasarta an yi bulo, an yanka wani wurin an yi shaguna, wani wurin ya zama juji. Na san ginin ƙasa ba ya jure damina kamar ginin dutse, amma ba ruwan sama ne ya raba filayen ba.

Laifin kuma bai tsaya kan hukuma kaɗai ba. Mu da muke kiran kanmu 'yan boko, mu nawa ne muka taɓa ɗaukar 'ya'yanmu ranar Asabar muka kai su Gidan Makama, ko marinar Ƙofar Mata, ko muka hau Dutsen Dala tare da su? Mu nawa ne muka tsaya a gindin hasumiyar Gobarau a Katsina? Wurin da masu shi ba sa ziyarta, ba wanda zai ji zafin rushewarsa. Kuɗin da ake bukata bai wuce na mota da ƙwaryar fura ba, sai dai mun ɗauka yawon buɗe ido sai da biza da otal mai hawa goma.

Shawarata ga duk wanda Allah Ya kai shi Alƙahira, ko jinya ya raka ko taro ya je, ya ware ko da wuni ɗaya. Ya fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, ya sa takalmi mai daɗin tafiya, ya riƙe ƙananan kuɗi domin ihsani, ya tambayi farashi kafin ya zauna ko ya hau mota, ya sayi ruwan gora, ya ci inda 'yan gari ke ci. Idan ya dawo gida kuma, ya yi wa garinsu irin wannan ziyara kafin abin da ya rage ya bi sahun wanda ya tafi. Ni dai na yi wa ɗalibaina alkawarin cewa darasinmu na aron kalmomi a zango mai zuwa a Kasuwar Kurmi za mu yi shi. Allah Ya ba mu ikon cikawa, Ya kuma sa mu gane darajar abin da muka gada.