Tausa, ɗori da gashin ƙashi: Inda hannu ke magani da inda yake ɓarna

A ƙauyukan Dambatta, Bichi da Minjibir, manomin da ƙugunsa ya riƙe bayan huɗa, ko yaron da ya faɗo daga bishiyar mangwaro, gidan maɗori ake fara kai shi. Ɗori sana'a ce ta gado: maɗori yakan shafa gaɓar da hannu, ya ja, ya daidaita, sannan ya jera karare ya ɗaure.

Magani da hannu bai tsaya ga ƙasar Hausa ba. A Amurka, wani likita mai suna Andrew Taylor Still ya assasa fannin ostiyofati a 1874, ya kuma buɗe makarantarsa a garin Kirksville a 1892. Masu wannan fanni kan matsa tsoka, su miƙa jijiya, su motsa gaɓar da ta sage. A Najeriya, hukumar MRTB, wadda aka kafa a 1988, ita ke yi musu rajista tare da ƙwararrun gashin ƙashi.

Irin wannan tausa takan sauƙaƙa ciwon baya da sanƙarewar wuya, waɗanda duƙawar noma da ɗaukar kaya ke jawowa. Karaya kuwa wani abu ce daban. Hannu ba ya gane ko ƙashi ya tsage ne ko ya farfashe; hoton ƙashi kaɗai ke nuna hakan. Babban haɗarin yana cikin ɗauri. Gaɓar da ta karye takan ci gaba da kumbura, kuma idan karare suka matse ta, jini sai ya daina gudana. Cikin sa'o'i kaɗan tsoka ta fara mutuwa, daga bisani ta ruɓe, har ta kai ga yanke hannu ko ƙafa.

Alamomin a bayyane suke: zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, yatsun da suka yi sanyi ko baƙi, ko suka daina ji. Da zarar an ga ɗaya, a sassauta ɗaurin, a garzaya asibiti. Haka ma idan ƙashi ya huda fata, ko raunin a wuya ko gadon baya yake.

Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano yana wannan aiki tun 1959. Ga ɗan birnin da ake kira daga gida neman gudunmawa, kuɗin mota da na hoto su ne taimakon farko, domin rana guda ta jinkiri na iya cin ƙafar da iyali ke ci da ita.