Damagaram: Ƙaramin notin da ke riƙe da tsohuwar Peugeot 504

A hanyoyin da suka fita daga Zinder zuwa Magaria, Matameye da Mirriah, har yau akan ci karo da tsohuwar Peugeot 504 ɗauke da buhunan gero da fasinja a kai, musamman ranar kasuwa. An fara ƙera motar a Faransa a 1968, kamfanin PAN kuma ya buɗe masana'antarsa a Kaduna a 1975, inda aka daɗe ana haɗa ta. Kusancin Damagaram da Kano ya sa kayan gyaranta ba su yi wuyar samu ba.

Injinta yana da juriya. Inda tsufa ya fi kama ta shi ne ƙarƙashi, a baya, wurin da ba kowa ke leƙawa ba.

A akori-kura, sifirin mai falle-falle ne, kuma wasu ƙarafa masu lanƙwasa ne ke ɗaure shi da aksul, kowanne da noti biyu. Gargada da lodin da ya wuce ƙa'ida suna sa ƙarafan su miƙe kaɗan-kaɗan har notin ya saki. Da farko ƙara ce kawai ake ji idan an faɗa rami. Daga nan ƙusar da ke tsakiyar sifirin tana iya karyewa, aksul ya goce, mota ta koma tafiya a karkace, tayoyin baya suna cinyewa ta gefe guda. Idan haka ta faru ana cikin gudu, sitiyari ba ya ceton kowa.

Gyaran da aka fi sabawa da shi a bakin hanya shi ne a zura bututu a jikin sifana, yaron gareji ya hau ya danna da ƙafa. Wani ma walda yake ɗiga wa notin don kada ya sake motsi. Duka biyun rufa-rufa ne: ƙarfen da ya riga ya miƙe ba ya komawa yadda yake, zafin walda kuma raunana shi yake yi.

Bakanike mai hankali kwancewa yake yi ya duba. Idan haƙoran sun cinye ko tsatsa ta ci su, sai a sa sabo, a kuma duba lambar da ke kan ƙusa, 8.8 ko 10.9, domin ƙusar haɗa ƙofa ba ta ɗaukar nauyin mota. Ƙusoshin da suka ratsa roba ba a ƙarasa ɗaure su sai an sauke motar ta tsaya kan tayoyinta, in ba haka ba robar tana murɗewa ta tsage. Bayan 'yan kwanaki ana aiki da motar, a koma a sake gwada kowane noti.

Shi kansa mai gyaran yana cikin haɗari. Ƙasar Zinder rairayi ce, jak yana nutsewa, bulon siminti kuma yana farfashewa ba sallama. Kafin a shiga ƙarƙashi sai an shimfiɗa katako mai kauri, an kafa matokarin ƙarfe, an sa waigi a tayoyin gaba.

Masu turo kuɗin gyaran motar gida daga Legas, Libiya ko Faransa suna iya neman a ɗauko musu hoton tsofaffin ƙusoshin da aka cire, a ajiye kusa da sababbin.