Buhun Taki Ma Littafi Ne

A ƙungiyoyinmu da yawa, in aka buɗe ajin yaƙi da jahilci bayan kaka, makon farko ɗaki yakan cika maƙil. Kafin wata guda sai benci ya fi mutane yawa. Magidanci ya ce ya tsufa da zaman aji, saurayi kuwa ya ce alli ba ya cika rumbu. Kada mu yi saurin kiransu malalata, gama mutum yakan ƙosa da karatun da bai ga ranar da zai yi masa ba.

Maganin wannan yana cikin ɗakin ajiyarmu. Malami ya shigo da buhun taki biyu, ya shimfiɗa a gaban aji. Ɗaya an rubuta masa NPK 15-15-15, ɗaya kuma yuriya mai lamba 46. Ya nuna musu harafin N, watau sinadarin da ke sa ganyen masara ya yi kore shar. A buhun yuriya mai kilo 50 akwai kilo 23 na wannan sinadari, a na NPK kuwa kilo 7 da rabi ne, amma shi yana ɗauke da P da K waɗanda yuriya ba ta da su. Manomin da ya gane wannan ya koyi haruffa uku da lissafi a zama ɗaya, dillali kuma ba zai ƙara ruɗa shi ba.

Sa'an nan a fito da kuɗin aljihu. A shekarar 2007 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da takardun naira 5, 10, 20 da 50 masu rubutun Hausa da boko. Wa zai ƙi karanta "Naira Hamsin" alhali tana hannunsa?

Mata su zo da kwalabar maganin yara, maza su kawo takardar maganin feshi, a nemi haruffan EXP da kwanan watan da ke biye. Daga wannan rana magani ya tashi aiki, wanda ya saya kuwa ya zubar da kuɗinsa.

A ƙarshe magatakarda ya buɗe littafin bashin ƙungiya, kowa ya nemo sunansa da abin da ake binsa, ya sa hannu da alƙalami maimakon dangwale.

'Yan'uwa, gemu ba ya hana ilimi. Kafin ajin bana, kowace ƙungiya ta tanadi buhuna da kwalaben maganin yara wankakku, ta miƙa wa malaminta.